Taya ɗaya za ta iya yi mani cikin gari da filin tsere? Masana ku taimaka

Ɗan Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah masana harkar mota shawara nike nema kafin in sake zubar da kuɗi karo na biyu.

Ina da BMW 335i mai ƙofa biyu ƙirar 2008, 'yar Amurka ce, wili 18, gaba 225/40 baya 255/35. Ita nike hawa kullum, gida zuwa shago, wani lokaci Kano, ranar Juma'a in leƙa Daura gaida tsohuwa. To amma kamar sau uku ko huɗu a shekara muna haɗuwa da wasu abokai can wajen Abuja, akwai wani fili mai kwalta da ake rufewa a jera robobi a fidda kwanoni, kowa ya shiga shi kaɗai ana duba mashi lokaci, ba irin wasan gangancin nan na ranar ɗaurin aure ba, da hular kwano da komai. Sau biyu kacal na taɓa shiga.

Tayoyin da motar ta zo da su irin masu tafiya ko ba iska ne, suka suɗe, sai na sayi 'yan Beljiyam guda huɗu wurin wani bawan Allah, ya rantse mani kamar sabbi ne, kuma gaskiya zanen ya cika har yatsa na nutsewa. Cikin gari lafiya lau, har sun fi na da laushi. Ranar da na shiga fili kau, zagaye na uku motar ta koma kamar ina tuƙi bisa miyar kuɓewa, in murza sitiyari ita kuma ta miƙe abinta, ga ihu kamar ana yanka akuya. Da na fito na duba gefen tayoyin gaba duk ya ɓanɓare guntu guntu kamar ɓera ya gaigaye sabulu. A hanyar dawowa kuma bayan na wuce Kankiya na faɗa wani rami tayar gaba guda ta yi ƙulu, da ƙyar na ida isowa gida ina tafiya 60, kuma kun san motar nan ba ta da safaya.

Yanzu abokina ɗaya ya ce in sayi semi silik, wato taya mai ƙarancin zane da aka yi don fili, irin su Bridgestone RE-71RS, wai sai na ji kamar an manna motar da ƙasa, wani kuma ya ce Michelin Pilot Sport kawai. Kuɗin da aka gaya mani na kowanne sai da na nemi wuri na zauna, don haka saiti ɗaya zan iya. Wanne zai fisshe ni?

Injiniya Rafindadi

Wa alaikumus salam. Kafin komai ƙanena je ka duƙa gefen tayoyin nan da ka sayo ka duba mani abu biyu. Akwai wani ɗan hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a cikinshi? Sannan ka nemi inda aka rubuta DOT ka karanto mani lambobi huɗu na ƙarshe.

Ɗan Ƙofar Ƙaura

Yaya Injiniya akwai hoton dutsen wallahi, har da M+S kusa da shi. Lambobin kuma biyu 3816, ɗaya 4115, ɗayar ban gani ba, halan yana ta ciki.

Injiniya Rafindadi

To ka ga inda gizo ke saƙar. Tayar hunturun Turai aka sayar maka, wadda aka yi don dusar ƙanƙara. Robarta an haɗa ta ne don ta zauna da laushi a sanyin da bai kai digiri 7 ba, kai kuma ka kawo ta garin da watan Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka nesa, ka kuma shiga fili ka dafa ta. Ai dole ta ɓanɓare. Kuma wannan zanen mai zurfi da ya ruɗe ka shi ne alamarta, ka duba za ka ga ƙananan tsagu tsagu birjik bisa kowane haƙori. 3816 na nufin sati na 38 na shekarar 2016, ɗayar kuma sati na 41 na 2015, kai ka lissafa. 'Yan rod sefti shekara 4 suke cewa a wa'azinsu, su kansu Michelin cewa suka yi daga shekara 5 a riƙa dubawa duk shekara, ta kai 10 a cire ko da zane. Ka gode Allah ƙulu ta yi ba bindiga ba.

Matsalarmu ke nan tun da Michelin suka rufe masana'antarsu ta Fatakwal a 2007, Dunlop suka bi baya a Legas a 2008, komai shigo da shi ake, kuma tsohuwar taya tana cikin kayan da kwastan suka hana shigowa da su amma ga ta nan tuli a kowace kasuwa.

Yanzu maganar da ka tambaya. Ni dai ban goyi bayan ka sa semi silik a motar da kake zuwa shago da ita ba, bari in gaya maka dalili.

A gefen taya akwai wani rubutu TREADWEAR da lamba a gabanshi. Tsarin gwamnatin Amurka ne, ana gwada tayar da wata taya ta ma'auni mai lamba 100 bisa wasu tituna a jihar Texas, tafiyar mil 7,200. Lamba ƙarama roba mai laushi mai kama ƙasa mai saurin ƙarewa, lamba babba roba mai tauri mai daɗewa. Pilot Sport 4S 300 ce. RE-71RS da abokinka ya faɗa, da Yokohama A052, da Hankook RS4, da Falken RT660 duk 200 ne. Toyo R888R 100. Sai dai kar ka ɗauke shi kamar karatun allo, kamfani ne ke rubuta lambar da kanshi, don haka 200 na wani ba 200 na wani ba ne, RS4 an san ta da daɗewa a fili, A052 an san ta da kamu amma ba ta son a daɗe ana gasa ta musamman a mota mai nauyi, taka kuma tana wajen kilo 1,600.

Abin da mai 200 za ta yi maka a Katsina shi ne, na ɗaya zanenta bai kai na tayar titi zurfi ba tun tana sabuwa, to ka tuna ruwan Agusta in ya kwanta bisa kwalta, ka taho daga Kano da gudu ka shiga ruwan da ya taru wajen Bichi ko Tsanyawa, tayar ba ta da isassun hanyoyin fidda ruwan sai ta hau bisanshi ta yi iyo, a lokacin sitiyari da birki duk ado ne. Na biyu robar tana da danƙo in ta ɗau zafi, duk tsakuwa da guntun ƙarfe da ƙusar da ke titi sai ta tsinto, za ka riƙa jin tas tas tas a ƙarƙashin mota, kai da mai faci ku zama aminai. Sannan akwai abin da mutane ba su cika lura ba, irin wannan robar duk lokacin da ta yi zafi ta huce tana ƙara tauri kaɗan kaɗan, to kai kwana 360 kana dafa ta a hanyar shago, kwana 4 ɗin da ka saye ta dominsu in sun zo ta riga ta rage kamu, ga zane a ido amma daɗin ya tafi. Ka biya kuɗin kilishi ka ci ganda.

Wani abu kuma, kar ka ji haushi, sau biyu ka taɓa shiga fili. Tayar titi mai kyau tana yi maka gargaɗi, za ta fara kuka, motar ta fara zamewa a hankali ka ji a kujera ka gyara. Mai kamu sosai shiru take yi har sai ta saki, kuma tana saki ne a gudun da ya fi yawa, ga motarka baya ke ja, doki 300, turbo biyu, in bayan ya juyo ba ya sallama. Hannunka bai kai inda Pilot Sport za ta tsaya ba tukuna, nima da na fara na ɗauka taya ce matsalata ashe ni ne nike shiga kwana da wuri ina danna birki a makare.

Don haka in saiti ɗaya ne, ka nemi ajin 300 ɗin nan. A wili 18 ka fi samun Pilot Sport 4 ko 5 bisa 4S, duk za su yi. In ba a samu ba akwai Goodyear Eagle F1 Asymmetric, akwai Hankook Ventus S1 evo3, akwai Bridgestone Potenza Sport. Ka tabbata ta gaba an rubuta 92 XL, ta baya 94 XL, wato kilo 630 da kilo 670 kowace taya, XL ɗin gefenta ya fi ƙarfi. Harafin ƙarshe ya zama W ko Y, W kilomita 270 ne Y 300, ba don za ka yi wannan gudun ba, don tayar da aka gina ta jure shi ta fi jure zafi. Kusa da TREADWEAR akwai TEMPERATURE, kar ka karɓi ƙasa da A. Kuma duka huɗun iri ɗaya, kar wani ya ce maka sa masu tsada a baya ka lallaɓa gaba da masu araha.

Sarkin Gudu na Daura

Injiniya da girmanka amma ka tsorata yaron nan da yawa haba. Ni shekara biyu ina bisa RS4 a Nissan 350Z ɗina, Daura Katsina, Daura Kazaure Kano, ban mutu ba. Ruwan sama wata nawa ake a ƙasar nan? Yuni zuwa Satumba, shi ma ba kullum ba, in hadari ya taso ka rage gudu ko ka faka ka sha shayi. Sauran wata takwas kwalta a bushe take ƙayau.

Kuma abin da ba ka gaya mashi ba, BMW ɗin nan tayoyin gabanta a tsaye suke cak, ba su da kwanciyar nan ta ciki, to in ya shiga fili da zafin rana ya yi zagaye biyar a jere da tayar titi 225 a gaba, kafaɗar waje ce za ta cinye tas ciki na nan sabo, kuma ba zai iya maida ta baya ba tunda girman ba ɗaya ba. Ka ga Michelin mai tsada ta tafi a yini biyu. Na gani da idona a wata BMW E90, mai ita kamar ya yi kuka. Mai 200 an yi kafaɗarta da faɗi don wannan wahalar.

Abu ɗaya da zan yarda da kai, da safe lokacin hunturu in ƙura ta kwanta bisa titi tayar tana sanyi, randabawul ɗin farko sai ka yi hankali, ta taɓa juya ni sau ɗaya ina tafiya a hankali ma, Allah ya sa ba kowa. Da ƙara, tana gurnani kamar tirela na bin ka, madam ta daina shiga motar.

Injiniya Rafindadi

Sarki kai kana da Corolla a gida, ranar ruwa ita kake ɗauka, na sani ka sani. Shi motar ke nan. Maganar kafaɗa kuma gaskiya ka faɗa ban musa ba, amma maganinta a je wurin alaimen a ba gaban iyakar kwanciyar da za ta samu, ya kuma riƙa yin zagaye uku ya huta ɗaya yana tafiya a hankali, ya daina murɗe sitiyari in motar ta ƙi juyawa, don ƙarin murɗawar nan shi ke cin kafaɗa ko wace taya ce.

Baba Mai Faci

Salamu alaikum. Yarona ne ya karanta mani wannan zance na ce ya rubuta abin da zan faɗa. Ni ban san filin tsere ba amma na fi shekara talatin ina cire taya a garin nan.

Ɗana, duk wannan muhawara tasu bisa roba suke yi, ni wili nike ji maka. Tayarka ta baya 255/35, naman gefenta bai ida santimita 9 ba, ta gaba kuma santimita 9 cif, yatsu huɗu ne da ɗan ɗoriya tsakanin wilinka da bakin rami. Duk sati sai an kawo mani irinsu, ko ƙulu ko wili ya lanƙwashe ko ya tsage ta ciki iska na zurara a rasa daga ina. Ƙulu kuma ba ya faci, zaren ciki ne ya tsinke, duk wanda ya ce zai gasa maka shi ya gyaru so yake ya kashe ka. Haka hujin da ke gefe. Faci a tsakiyar zane kawai ake yi, kuma in za ka shiga wurin gudu da ita a cire tayar a manna ta ciki, ba wannan igiyar da muke cusawa ta waje don mutum ya isa gida ba.

In da ɗana ne kai, ga abin da zan ce. Motar nan tana ɗaukar wili 17, da shi wasu ma suka fito daga kamfani, taya 225/45 duka huɗu. Tsayin taya haɗe da wili kusan ɗaya ne da naka na yanzu, agogon gudu ba zai yi maka ƙarya ba, amma naman gefe ya haura santimita 10, kuma 17 ta fi 18 araha ta fi sauƙin samu, ko a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ba sai an jira daga Legas ba. Tunda girmansu ɗaya kana iya juya na gaba su koma baya. Ka nemi wili 17 na hannu na BMW, huji biyar, 5x120, amma a gwada a gaba tukuna a ga ya wuce birki, don birkin 335 babba ne ba kowane 17 ke shiga ba. A ɗora shi a injin balansin a juya a gabanka ka ga ba ya rawa. Wilinka 18 ka wanke ka aje a ɗaki, ranar da Allah ya hore ka sa masu irin ta Sarkin Gudu, ka riƙa ɗaura su ranar wasanku kawai. A aje su inda ba rana, ba kusa da janareta ba.

Abu na ƙarshe, kar ka bari a cire maka taya da ƙarfe da guduma, ni kaina ba zan taɓa irin wilinka da hannu ba, wurin masu inji nike turawa. Motar Amurka ce, a gindin bawul akwai 'yar na'urar da ke gaya wa mota iska ta ragu, yaro ya sa ƙarfe ya karya ta shi ke nan wuta ta kama a dashbod. Kuma ka tsaya a kansu, in an rubuta OUTSIDE wannan gefen waje yake kallo, in kibiya ce da ROTATION to ta bi inda taya ke juyawa. Na sha ganin an ɗaura a juye mai mota bai sani ba.

Abban Ilham

Maganar Baba ita ce magana. Ni ƙarin da zan yi bisa iska ne don ba wanda ya taɓo ta sosai. Sayi gejinka na kanka ka aje a mota, na bakin titi kowanne da abin da yake nunawa, kuma yaran nan 45 ko 50 suke dura ma kowa kamar motar haya. Abin da kamfani ya ce yana manne jikin ginshiƙin ƙofar direba, lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce ba abin da za ka sa ba. Da safe ake aunawa kafin mota ta motsa, don duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6 yana ƙara kamar 1 a geji, shi ya sa wanda ya auna da asubar Janairu da wanda ya auna da azahar ɗin Afrilu ba za su taɓa shiryawa ba.

A fili kuma, ka yi zagaye kaɗan ka fito ka auna nan take tana da zafi, za ka ga ta hau da 5 ko 6 ko fiye, ni ina sacewa har ta dawo wajen 36 zuwa 38 da zafinta, ƙasa da haka a tayar titi sai ta fara kwanciya bisa gefe. Ka shafa alli a kafaɗar tayar daga zane zuwa gefe kafin ka shiga, in ka fito ka ga inda allin ya goge, in ya gangara har kan rubutu iskar ta yi kaɗan. Amma dan Allah in an tashi ka jira ta huce ka maida iskar kafin ka hau hanya, na taɓa mantawa na kamo hanyar Kaduna da 26, sai da na ji motar na lilo na tuna.

Kuma tunda za ka bar masu tafiya ba iska, to ka bar su duka huɗu kar ka gauraya, ka nemi safaya da jak da abin kwance noti ka jefa a but ko da za ta cinye wurin kaya, da ɗan famfon nan da ake sawa a wurin caji. Tsakanin Mashi da Daura da dare ba wurin tsayawa neman mai faci ba ne. Ka canza man birki ma kafin ka koma fili, DOT 4 sabo, yana shan ruwa in ya daɗe, in ya tafasa feda sai ta tafi ƙasa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba Allah ya ƙara girma, wallahi tunanin wili 17 bai taɓa zo mani ba, ni dai ina ganin za ta rage ma motar kyau ne. Na kira wani a Kano ya ce akwai saiti huɗu da aka cire daga irin motata, gobe in sha Allahu zan shiga motar haya in je in gani da idona, tawa ba za ta ƙara hawa babban titi da ƙulun nan ba. In sun yi zan ɗora masu 225/45 ajin da Yaya Injiniya ya faɗa, kuma wannan karon sai na karanta lambar DOT ta kowace ɗaya kafin in zaro ko sisi. Sarki ka yi haƙuri sai baɗi, in na koyi shiga kwana.

Na koma wurin wanda ya sayar mani da na farkon na nuna mashi hoton dutsen, ya ce wai alamar taya ce mai ƙarfin hawa dutse.

Saura tambaya ɗaya, wilin da zan gani gobe an ce ɗaya an taɓa yi mashi walda ta ciki, in bar shi ko in ba ya zubar da iska ba komai?

Baba Mai Faci

Bar shi. Ka ce su canza maka shi ko ka ɗauki uku ka nemi ɗaya daban.